Mako Na 36: Maganin Da Ke Tsakanin Ƙurajen Uwa Da Ran Jariri

Akwai wata irin mutuwar jarirai da ba ta zuwa ranar haihuwa. Uwa ta sauka lafiya, yaro ya yi kuka ya kama nono, ungozoma ta yanke cibi, 'yan barka sun cika gida. Ranar bakwai an yanka rago an raɗa suna. Sai a mako na biyu ko na uku, bayan baƙi sun watse, mai jego na fama da wankan safe da yamma, yaro ya fara ƙin nono. Barci ya yi masa yawa, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, wani lokaci ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa su fito masa a fatar kai ko a gefen ido. Daga nan sai jijjiga. Kafin a gama shawarar ko iska ce ko shawara ce, kafin a samo motar da za ta kai shi Azare, sau da yawa lokaci ya ƙure.

Cututtuka da dama kan zo da wannan kama, galibinsu kuwa ƙwayoyin bakteriya ne da suka shiga jinin yaro. Amma a cikinsu akwai wadda allurar kashe bakteriya ba ta taɓa ta, wadda yaro ke ɗauka a daidai lokacin da yake ratsa hanyar fitowa duniya. Likitoci na kiran ta hapis. A jikin babba ƙuraje ne masu raɗaɗi da kan fito a al'aura ko a leɓe, su warke, su dawo. A jikin jariri kuwa tana iya cin hanta da huhu da ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki.

Maganin da ke rage wannan haɗari ya haura shekara 40 a hannun likitoci, ƙwaya ce da mai ciki ke haɗiya a makonnin ƙarshe. Abin da ya shafi Bulkachuwa, garin da ke gabas da Azare a kan hanyar Potiskum, da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Katagum irin su Chinade da Madara da Yayu da Gambaki, shi ne yadda wannan ƙwaya za ta isa hannun matar da ke buƙatar ta a makon da ya dace.

Cutar da ke kwanciya a jijiya

Ƙwayar cutar bairos ce, kuma iri biyu ce. Nau'i na 1 kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba, shi ne ƙurajen nan da kan feso a gefen baki bayan zazzaɓi. Yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukar sa ta yawu da sumba. Nau'i na 2 ya fi zama a al'aura, ta saduwa ake ɗaukar sa. Na farkon ma yakan sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura.

A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da hapis na al'aura, wato fiye da mutum 1 cikin kowane 5, kuma duk shekara wasu miliyan 42 na kamuwa. Miliyan 520 daga cikinsu nau'i na 2 ne. Afirka ce ke kan gaba a yawan wannan nau'i, kuma ya fi kama mata, domin ya fi sauƙin wucewa daga namiji zuwa mace.

Tunjere da gonoriya, idan an sami maganin da ya dace, suna fita daga jiki. Hapis ba ta fita. Bayan kamuwar farko takan bi jijiya ta je ta kwanta a tushen jijiyoyin da ke gindin ƙashin baya. Zazzaɓi, gajiya, damuwa ko jinin al'ada na iya tayar da ita, ta biyo jijiyar ta dawo fata. Mace takan fara jin ƙaiƙayi ko tsikari ko zafi da ke sauka cinya, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙuraje su fito, su fashe su zama ƙananan gyambuna, su bushe. Wani lokaci kuma ƙwayar kan fito saman fata ba tare da ko ƙurji ɗaya ba, kuma a haka ne ta fi yaɗuwa. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba.

Wannan batu na buƙatar a ji shi da kunnen basira a gidajen aure. Ƙurajen da suka bayyana yau ba shaida ba ne cewa wani ya ci amanar wani jiya. Ƙwayar na iya yin shekaru a kwance, ta zo daga auren da ya mutu tuntuni, ko ta ratsa tsakanin kishiyoyi ta jikin mijin da shi kansa bai taɓa ganin komai a jikinsa ba. Akwai kuma dalilin ɗaukar ta da muhimmanci ko ba ciki: mai nau'i na 2 ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wace uwa ce ta fi shiga haɗari

Kusan kashi 85 cikin 100 na jariran da ke kamuwa, a lokacin haihuwa suke ɗauka. Kusan kashi 10 bayan haihuwa ne, daga baki ko hannun wanda ya taɓa su, sauran kashi 5 tun a ciki. Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya ce jarirai wajen 14,000 ke kamuwa duk shekara a duniya, kimanin 10 cikin kowace haihuwa 100,000, kuma Afirka ce ke da kaso mafi girma. Ba cuta ce mai yawa ba, amma muguwa ce: idan ba magani, wajen 60 cikin 100 na mutuwa, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma sukan tashi da farfaɗiya, makanta ko naƙasar ƙwaƙwalwa.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne matar da ta daɗe tana fama da ƙurajen ba ita ce ta fi shiga haɗari ba. Jikinta ya riga ya ƙera garkuwa, garkuwar kuma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Haɗarin ɗanta bai kai 1 cikin 100 ba, ko ƙurajen sun dawo ranar naƙuda bai fi 3 cikin 100 ba. Wadda ta kamu karon farko gab da haihuwa ita ce abin tsoro. Ƙwayar na da yawa a bakin mahaifarta, jikinta bai sami makonnin da yake buƙata ya ƙera garkuwa ba, haɗarin ɗanta kuwa na kaiwa kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Binciken da Zane Brown da abokan aikinsa suka yi a birnin Siyatil na Amurka, wanda aka buga a 1997, ya nuna cewa wajen mata 2 cikin 100 na kamuwa ne a lokacin da suke da ciki, yawancinsu ba tare da sun ga wata alama ba.

Ƙwayar da ke yaudarar bairos

Sunan maganin asiklobir, wanda aka fara sayarwa da sunan Zovirax. A 1974 Howard Schaeffer ya haɗa shi a kamfanin Burroughs Wellcome, Gertrude Elion da ɗakin bincikenta suka gano yadda yake aiki, ya shiga asibitoci a farkon shekarun 1980. A 1988 Elion ta sami kyautar Nobel tare da George Hitchings da James Black. Yau maganin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kamfanoni da yawa na yin sa.

Hikimarsa ita ce ba ya fara aiki sai ya shiga ƙwayar halittar da bairos ɗin ya kama. Wani sinadari na bairos ɗin kansa ne ke kunna shi. Da ya kunnu, sai bairos ya ɗauke shi a matsayin kayan gina kwafin kansa, ginin kuwa ya tsaya cak a nan. Ƙwayoyin halittar da ba su kamu ba kusan ba ruwansa da su, shi ya sa illarsa ba ta da yawa. Ba ya kashe ƙwayar da ke kwance a jijiya, hana ta hayayyafa yake yi idan ta taso.

Hanya biyu ake amfani da shi ga mai ciki. Idan ƙurajen sun fito karon farko, a kowane wata na ciki, ana ba ta miligiram 400 sau 3 a rana na kwana 7 zuwa 10. Hanya ta biyu ita ce ta danne cutar kafin haihuwa: duk matar da ta taɓa yin ƙurajen, ko ta kamu a wannan cikin, ta fara shan miligiram 400 sau 3 a rana daga mako na 36 har ta sauka. Akwai ɗan'uwansa balasiklobir, mai sunan kasuwa Valtrex, wanda ake sha miligiram 500 sau 2 a rana, sai dai ya fi tsada. Haka ƙungiyar likitocin mata ta Amurka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar suka tsara. A Birtaniya, ƙa'idar 2014 ta ce mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ta fara tun mako na 32, sabuwar ƙa'idar 2024 kuma ta dawo da farawar zuwa mako na 32 ga kowa. Wadda ta kamu karon farko a watanni ukun ƙarshe ba ta jiran wani mako, ci gaba take da sha har haihuwa.

Daga mako na 36 zuwa na 40 kwana 28 ne, wato ƙwaya 84 ke nan. Mai shan ta na buƙatar ruwa sosai, domin ta ƙoda maganin ke fita, musamman a zafin bazarar ƙasar Katagum. Mai ciwon ƙoda, ko wadda hawan jinin ciki ya taɓa, sai likita ya daidaita mata adadin. Man shafawa na asiklobir ba ya maye gurbin na haɗiya.

Abin da bincike ya tabbatar, da inda ya tsaya

A 2008 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 7 da suka ƙunshi mata 1,249. Waɗanda suka sha maganin daga mako na 36, dawowar ƙurajen ranar naƙuda ta ragu musu da kusan kashi 70 cikin 100, tiyatar da ake yi saboda ƙurajen ma ta ragu da kusan haka, samun ƙwayar a al'aura ranar haihuwa kuwa ya ragu da fiye da kashi 80. Ta fuskar lafiyar ɗan tayi, wani bincike da aka yi a Denmak aka buga a 2010 ya duba haihuwa 837,795, ciki har da 1,804 da iyayensu suka sha irin wannan magani a watanni ukun farko. Tawayar halitta a cikinsu kashi 2.2 ce, a sauran kuwa 2.4, wato maganin bai ƙara komai ba.

Amma gaskiya ɗaya ce dole a faɗa. A waɗancan gwaje-gwaje 7 ba jariri ko ɗaya da ya kamu, a ɓangaren masu sha da marasa sha, don haka ba su auna kai tsaye yawan jariran da maganin ke cetowa ba. An kuma sami jariran da suka kamu duk da iyayensu sun sha. Maganin na rage haɗari ne sosai, ba ya share shi. Shan ƙwaya ba ya ɗauke wa uwa haihuwa a gaban ma'aikacin lafiya, ba ya ɗauke wa gida sa ido a kan jariri.

Ranar naƙuda

Idan naƙuda ta fara, abin da ake so shi ne ungozomar asibiti ta duba al'aura da haske mai kyau, ta kuma tambayi uwa ko tana jin tsikarin da ke riga ƙurajen fitowa. Wadda ta kamu karon farko cikin makonni 6 na ƙarshe, tiyata ce ta fi mata. Wani binciken Brown na 2003 ya nuna cewa a cikin matan da aka sami ƙwayar a jikinsu ranar haihuwa, kashi 7.7 na jariran da aka haifa ta hanyar da aka saba sun kamu, na tiyata kuwa 1.2. Wadda tsofaffin ƙurajenta suka dawo, likitocin Amurka na ba da shawarar tiyata, na Birtaniya na barin ta ta zaɓa bayan an yi mata bayani. Idan ba ƙuraje ba alama, haihuwa ce kamar ta kowa, sai dai a guji fasa faya da gangan da jawo yaro da na'ura in ba dole ba.

A nan ne darajar mako na 36 ke fitowa ga matar Bulkachuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya ne ke faruwa a asibiti, a Arewa maso Gabas kusan 1 cikin 4, tiyata kuwa ba ta wuce kashi 3 ba a ƙasar baki ɗaya. Asibitin matakin farko ba wurin tiyata ba ne. Tiyata na nufin mota, kuɗi, mai ba da jini, izinin maigida, da tafiya zuwa babban asibiti irin na gwamnatin tarayya da ke Azare, sau da yawa cikin dare. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau maƙwabciyar Katagum, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Mataki ne mai kyau, amma ƙwaya 84 da za su iya sa ba a buƙaci tiyatar ba tun farko sun fi sauƙi ga uwa da ga asibiti.

Tsakanin kemis da ɗakin awo

Abu uku ke shiga tsakanin mace da wannan magani. Na farko, duk abin da ya fito a gaban mace sanyi ake ce masa. Ta faɗa wa ƙawa ko yaya, a aiki yaro kemis, a kawo Ampiclox ko Flagyl, ko a haɗa jiƙo da ruwan ɗumin zama. Da yake ƙurajen kan warke da kansu cikin mako ɗaya ko biyu, sai a ce magani ya yi, alhali ƙwayoyin kashe bakteriya ba sa taɓa bairos. Bayan wata uku su dawo, a ce sanyin ne bai gama fita ba.

Na biyu kunya. Ranar awo layi ne mai tsawo, ana gwada jini da nauyi da kwanciyar yaro, wata na jin abin da wata ke faɗa. Ba macen da za ta ɗaga murya a nan ta ce tana da ƙuraje a gabanta, balle mai cikin fari. Gwajin jini ga kowa ba shi ne mafita ba, ko a Amurka kwamitin rigakafi ya sake jaddadawa a 2023 cewa kada a yi wa wanda ba shi da alama, saboda yawan sakamakon ƙarya. Tambaya ce ke aiki, a keɓe, cikin mutunci: "Baiwar Allah, ko kin taɓa ganin ƙuraje masu ruwa a gabanki, su fashe su warke su dawo? Maigida fa, kin taɓa ganin irinsu a jikinsa ko a bakinsa?" Matar da aka tambaya haka, ba kowa a kusa, takan buɗe baki ta ce, "Wallahi Malama, na daɗe ina son in faɗa."

Na uku lissafi. Asibiti na ƙirga makonni, gida na ƙirga watanni. Mako na 36 na faɗowa ne bayan ciki ya cika wata takwas ya shiga na tara, idan aka ƙirga daga jinin al'ada na ƙarshe. Tsarin awo sau 8 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ya sa ziyara a mako na 30, 34, 36, 38 da 40, don haka ranar fara maganin na da gurbinta. Sai dai mai cikin fari da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari, idan ba ta tafi da katinta an rubuta a kai ba, wanda zai karɓi haihuwarta bai san komai ba.

Rabon maigida

Tun da kamuwar farko a ƙarshen ciki ce mafi muni, mabuɗin na hannun miji. Namijin da ya san ƙuraje kan fito masa a gaba, ko ya ga suna fitowa ɗaya daga cikin matansa, haƙƙi ne a kansa ya je a duba shi, ya kuma ƙaurace wa saduwa da mai cikin a watanni ukun ƙarshe idan ita ba ta taɓa yin su ba. Kwaroron roba na rage haɗari amma ba ya rufe ko'ina. Mai ƙurajen baki kada bakinsa ya kusanci al'aurarta. Al'adar goyon ciki, da ke raba mai cikin fari da mijinta a waɗannan watanni, kariya ce da iyayenmu suka bar mana, wadda mai ciki na biyu da na biyar ba ta samu. Shi ne kuma zai sayi maganin, ya tanadi kuɗin mota, ya ba da izinin asibiti tun kafin naƙuda ta zo yana kasuwa ko gona.

Kwana arba'in na jego

Jariri na iya kamuwa daga mai ƙaunarsa. Duk mai ƙurji a leɓe, uwa ce ko kaka ko 'yar barka, kada ya sumbaci yaro, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ɗauka. Mai irin wannan ƙurji ya bar wa wani tauna dabinon da za a sa wa jariri a baki, haka tofi. Wanzamin da ke da ƙurji a baki ko a yatsa bai kamata ya kusanci yaro da aska ba. Shayarwa ba ta da laifi ko uwa na shan maganin, sai idan ƙurjin a kan nono yake.

Jariri ɗan ƙasa da mako 6 da ya ƙi nono, ko ya yi zazzaɓi, ko barci ya yi masa nauyi, ko ido ya yi ja yana ruwa, ko ya yi jijjiga, asibiti za a kai shi a ranar, ko da ƙurji ko babu, domin da yawa ba sa fitar da ƙurji sam. Uwa ta faɗa wa likita tarihin ƙurajenta da bakinta. Maganin yaro ta jijiya ake ba shi duk awa 8, kwana 14 idan cutar ta tsaya a fata da ido da baki, kwana 21 idan ta shiga ƙwaƙwalwa ko ta bazu, sannan na sha har wata 6. Kafin zuwan magani, 85 cikin 100 na jariran da cutar ta bazu a jikinsu na mutuwa, da shi adadin ya sauko zuwa wajen 29. Kowace rana ta jinkiri na ƙara wa yaro haɗari.

Abin da ya rage a yi

Ba sabon gini ake nema ba. Hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Bauchi na iya sa tambayar ƙuraje cikin katin awo, ta sa asiklobir a ma'ajiyar magani ta kowace mazaɓa ta hanyar asusun kula da lafiya na bai-ɗaya da dokar 2014 ta kafa, ta kuma koya wa ungozomomin gargajiya da masu kemis gane ƙurji mai ɗurar ruwa su tura mai shi asibiti. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 na da ɗalibai da malamai da za su iya bibiyar lafiyar matan wannan yanki su auna girman matsalar. Limamai da masu wa'azin mata na iya cire zargi daga maganar, su gaya wa mutane cewa cuta ce kamar kowace, ɓoye ta kuwa zalunci ne ga wanda bai zo duniya ba tukuna. Ɗakin awo guda mai labule, ma'aikaciyar da ta san abin tambaya, da mijin da ya yarda a duba shi, su ne za su kai wannan magani inda shekara 40 na saninsa ba su kai shi ba.